Na'urar saƙo ta tauraron ɗan'adam: kafin ka yaba madannin SOS, tambayi wa zai zo

Wani Alhaji mai tireloli a Agege ne ya jawo wannan magana. Motarsa ɗaya ta taso daga Apapa da kaya za ta Kano, ta lalace a dajin da ke tsakanin Mokwa da Tegina, a inda waya ba ta da sabis ko ɗigo. Sai da yaron mota ya ɗale bayan wata motar ya yi nisa sannan ya samu wurin kira. Duk tsawon wannan lokaci Alhaji yana Legas yana buga lambar direba ana ce masa ba ta shiga, zuciya kuwa ta riga ta kai shi ga abin da kowa yake gudu a wannan hanya. Da ƙura ta lafa, ɗansa ya nuna masa hoton wata 'yar na'ura da ba ta cika tafin hannu ba, wai tana aika saƙo daga ko'ina a duniya ba ruwanta da sabis. Ranar da muka haɗu bayan Juma'a ya ce mini, "Malam, abin nan gaskiya ne ko daɗin bakin 'yan talla? In gaskiya ne, wanne za mu saya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne. Amma waɗanda suka ƙera shi masu hawan duwatsun Amurka da Turai suke tunani, ba direban da ya kwana a dajin Neja ba." Wannan bambanci shi ne yake sauya yadda ya kamata mu auna na'urorin a nan.

Akwai ruɗanin da ya kamata a kawar tun farko. Mutane da yawa suna zaton GPS ɗin da ke cikin waya shi ne yake nuna wa mutanen gida inda kake. GPS ji kawai yake yi, ba ya magana. Taurarinsa suna can sama da nisan kilomita 20,000, na'urarka tana sauraron su ta lissafa inda take, shi ke nan. Kafin wani a Agege ya san wurin, sai an samu hanyar da za ta ɗauki labarin ta kai masa. A gari sabis ɗin waya ne yake wannan aiki. A daji kuwa sai wasu taurarin na daban, na sadarwa, kuma su ne ake biya wa kuɗi duk wata. Don haka tambayar farko ba sunan na'urar ba ne, taurarin wa take hawa?

Mafi yawan waɗanda ake yabawa, wato inReach na kamfanin Garmin da ZOLEO da Bivy Stick, suna hawa Iridium. Taurari 66 ne masu aiki, suna shawagi a nisan kimanin kilomita 780, kowanne yana kewaya duniya cikin kusan minti 100. Abin da ya bambanta su da saura shi ne suna miƙa wa juna saƙo a can sama, hannu zuwa hannu, har ya isa wanda yake saitin tashar ƙasa. Ke nan ba dole sai da tasha kusa da kai ba. (Sunan ma yana da labari: da farko taurari 77 aka shirya, aka sa masa sunan sinadari na 77 a jadawalin kimiyya, daga baya aka rage zuwa 66 sunan ya zauna. Kamfanin farko ya karye a 1999, aka farfaɗo da shi, aka gama sauya taurarin da sababbi a farkon 2019.)

SPOT kuma yana hawa Globalstar, wanda taurarinsa suke nisan kimanin kilomita 1,400. Su ba sa miƙa wa juna. Tauraron yana karɓar saƙonka ya mayar da shi ƙasa nan take, kamar madubi, saboda haka sai in yana hango ka kuma yana hango tashar ƙasa a lokaci guda. Inda tashoshi suke da yawa abin yana tafiya, inda babu sai a samu giɓi. Wani abin lura, taswirar wuraren da saƙo yake fita daban take da taswirar wuraren da saƙo yake iya shigowa. Duk wanda zai sayi SPOT don amfani a Nijeriya ya buɗe taswirar kamfanin ya nemo hanyar da zai bi da idonsa, kada ya tsaya ga abin da aka rubuta a jikin kwali.

Sai Thuraya, wadda mu muka fi sani, ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ita tauraronta yana tsaye ne a wuri guda a nisan kusan kilomita 36,000. Daɗinta, in ka same shi ka same shi, ba ya gushewa. Aibinta, in dutse ko gini ya tare wannan sashen na sama, ko ka kwana a wurin ba abin da zai sauya sai ka matsa. Amma Thuraya wayar magana ce, wani aji ne daban da na'urar saƙo, ga tsada, ga kuma tarihi a ƙasar nan da zan zo kansa.

Ga wani abu da masu talla ba sa faɗa mana domin bai shafi ƙasashensu ba. Taurarin Iridium suna bin layuka shida ne da suka ratsa ta ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya. Layukan suna matsewa a can, suna buɗewa a tsakiya, kamar zanen jikin kankana. Legas tana digiri shida da rabi kacal daga layin da ya raba duniya biyu, wato muna inda tazarar ta fi faɗi. Wanda yake Norwe yana iya samun taurari da dama a kansa lokaci guda. Mu sau da yawa ɗaya ne, wani lokaci ma yana can ƙasa-ƙasa a gefen sama, bayan bishiyoyi. Saƙo zai tafi, amma haƙuri ya zama dole. A fili kamar sararin Mambila ko tsakiyar ruwa yakan fita da wuri. A ƙarƙashin kurmin Omo na jihar Ogun, ko cikin kwazazzabo a Gashaka Gumti, yana iya ɗaukar mintuna masu yawa. A cikin kan tirela, ƙarƙashin rufin ƙarfe, kada ma a sa rai: sai an ajiye ta jikin gilashin gaba ko an fito da ita waje, eriyarta tana kallon sama.

Alhaji ya yi tambayar da duk mazaunin Legas zai yi: "To in hadari ya taso fa? Ai tasar talabijin ɗaukewa take." Nan kam albishir ne. Tasar talabijin tana aiki da zangon da ɗigon ruwa yake shanyewa. Waɗannan na'urori suna aiki da zango na ƙasa sosai, kusa da gigahaz 1.6, wanda ruwan sama bai cika damunsa ba. Ganye mai kauri da kankare da ƙarfe ne abokan gabarsu, ba damina ba.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. Kowace daga cikinsu tana da madannin SOS, wato na kiran neman ceto, a ɓoye ƙarƙashin murfi, kuma shi ne abin da ake nunawa a talla: mutum ya karye a kan dutse, ya danna, jirgi mai saukar ungulu ya iso. Me yake faruwa a zahiri in ka danna? A na Garmin, saƙon yana zuwa wata cibiya a jihar Teksas ta Amurka, mai aiki dare da rana. Ma'aikatan wurin za su ga inda kake, su rubuto maka su ji abin da ya faru, su kira mutanen da ka ba da lambarsu lokacin rajista, sannan su nemi hukumar da ke da alhakin ceto a ƙasar da kake. Cibiyar ba ta da jirgi, ba ta da mota, ba ta da ko babur. Aikinta ta isar da kira. A Amurka ko Siwizalan akwai ƙungiyoyin ceto da aka horar, suna zaune suna jiran irin wannan kira. A nan kuwa, kowa ya san su wa suke fara isa wurin motar da ta lalace ko ta faɗi a daji: direbobi 'yan'uwa, mutanen ƙauyen kusa, 'yan banga, wakilin ƙungiya a tashar gaba, makanikin da maigida ya turo. Ba wai hukumomi ba sa motsi ba ne. Amma kiran da ya zagaya ta Teksas da Turanci, ya dawo yana neman ofishin da ya dace a ƙaramar hukumar da ma'aikacin bai taɓa jin sunanta ba, ba zai riga saƙon da ka aika kai tsaye wa ɗan'uwanka da ya san wa zai tasa ba. Sannan kuɗin wata ba ya ɗauke da kuɗin ceto. In an yi hayar abin da zai ɗauko ka, lissafin naka ne, sai in ka sayi inshora ta daban.

Shi ya sa a ganina siffar da ta fi kowace muhimmanci a wurinmu ita ce saƙo mai zuwa da dawowa. SPOT Gen4 yana aikawa ne kawai: ka danna "ina lafiya" ko "ina neman taimako", ba ka da halin bayani, ba ka kuma san ko ya isa ba. Ka duba matsalar direban Alhaji. Abin da yake buƙatar faɗa shi ne mota ta tsaya, ga abin da ya lalace, kaya lafiya, a turo makaniki da kaza da kaza. Abin da Alhaji yake buƙatar mayarwa shi ne kada ka bar mota, ga wane nan tafe daga Mokwa. Wannan zance ne na mutum biyu. Na'urar da ba ta karɓar amsa ba za ta iya shi ba, komai araharta. Yawancin matsalolin hanya ma irin waɗannan ne, ba na rai da mutuwa ba, kuma danna SOS saboda taya ta fashe ɓata lokacin mutane ne.

To in saƙon zai je ya dawo, ta wace lamba? Nan na'urorin suka sha bamban ta hanyar da ba a gani sai an fara amfani. ZOLEO tana ba ka lambar waya da adireshin imel naka na dindindin, kowa yana iya fara rubuto maka. Sai dai lambar ta ƙasar waje ce, wanda zai aiko maka tes daga layin Nijeriya kuɗin saƙon ƙetare zai biya. A inReach kuwa, in tes na yau da kullum ne, kai za ka fara aikawa sannan mutum ya amsa ta wannan saƙon, kuma ba a wuce haruffa 160. Hanya mafi sauƙi a duka biyun ita ce mutanen gida su sauke manhajar kamfanin a wayarsu. Amma ka tuna da wanda zai karɓa. In Hajiya ƙaramar waya mai madannai take riƙewa, manhaja ba ta da amfani a wurinta. Dole a gwada tes ɗin a kan ainihin layin da za a riƙa aika wa, MTN ne ko Airtel ko Glo, a ga ya shiga, a ga amsa ta dawo, tun ana gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na gaba, shin na'urar tana iya tsayawa da ƙafarta in waya ta mutu? ZOLEO, mai nauyin giram 150, ba ta da allo. Ba tare da waya ba SOS da "ina lafiya" kawai za ka iya dannawa, duk wani rubutu sai ta bulutut daga wayarka. inReach Mini 2, giram 100, yana da ɗan allo, ana iya karanta saƙo a kuma rubuta amsa a jikinsa, ko da yake zaɓen harafi ɗaya-ɗaya ne mai gwada haƙuri. inReach Messenger ma yana da ɗan ƙaramin allo, kuma yana iya ɗan sammaka wa waya caji. SPOT X yana da cikakkun madannan rubutu irin na tsohuwar BlackBerry, amma ya koma kan maganar Globalstar da muka yi. Ga mai yawon buɗe ido da ke da babbar waya da fawa-banki, rashin allo ba matsala ba ne. Ga wanda wayarsa ce farkon abin da yake mutuwa, ko farkon abin da ake ƙwacewa, allo ya cancanci ƙarin kuɗinsa. Akwai kuma Messenger Plus da ya fito a 2024, mai aika hoto da saƙon murya. Kada a raina wannan: mutanenmu da yawa saƙon murya suka saba da shi a WhatsApp, ba rubutu ba, kuma hoton abin da ya karye a inji ya fi dogon bayani.

Batun batir ana yawan ruɗa mutane da shi. Garmin yana cewa Mini 2 yana kai kwana 14 in yana aika wurin da kake duk minti 10, Messenger kuma kwana 28. Wannan lissafin sararin sama buɗaɗɗe ne. A ƙarƙashin bishiyoyi na'urar tana ta maimaita ƙoƙari, batir yana zuba, har kwana 14 ɗin nan ya koma kamar 4. Duk da haka ya isa tafiyar Legas zuwa Kano, kimanin kilomita 1,000, ko da an yi kwanan Ogere. Abin da zai kashe batir da wuri shi ne barin na'urar tana gasuwa a jikin gilashi cikin rana mota a tsaye. Maganar ruwa kuma gajeriya ce: alamar IPX7 tana nufin za ta jure nutsewa mita ɗaya na rabin awa. Ba ta nufin za ta yi iyo. Mai hawa kwalekwale zuwa Tarkwa Bay ko Badagry ya ɗaure ta jikin rigar ruwa.

Tunda an zo ruwa, akwai wata na'urar da ake haɗa ta da waɗannan alhali ba danginsu ɗaya ba, ana ce mata PLB. Ba ta aika saƙo, ba ta karɓa, ba a biya mata kuɗin wata. Aikinta ɗaya: ranar da rai yake cikin haɗari ka kunna ta, ta yi ta kururuwa a zangon megahaz 406 na aƙalla awa 24. Masu sauraronta su ne taurarin Cospas-Sarsat, tsarin da Amurka da Kanada da Faransa da Tarayyar Sobiyet suka kafa, wanda ya yi cetonsa na farko a 1982. Tsarin gwamnatoci ne, kuma Nijeriya tana ciki: hukumar agajin gaggawa ta NEMA tana da cibiyar karɓar wannan kira a Abuja, hukumar kula da jiragen ruwa ta NIMASA kuma tana da cibiyar haɗa ayyukan ceto a teku a Kirikiri, nan Legas. Ga mai fita teku nesa da gaɓa, wannan ita ce ta fi dacewa, in ya yi mata rajista da sunansa. Ga direban tirela ba ta da wani amfani, tunda ba za ta iya cewa a turo makaniki ba.

Kuɗi. Lokacin fitowarsu, ZOLEO tana wajen dala 200, Messenger 300, Mini 2 kuma 400. Wannan somin taɓi ne. Ba tare da biyan wata ba, na'urar ba ta aika komai, har da SOS. Ana biya da dala, kuma duk wanda ya ga abin da ya sami naira tun daga Yunin 2023 ya san lissafin bana ba lallai ya zama na baɗi ba. Ga kuɗin kunnawa na farko, ga cajin duk saƙon da ya wuce adadin tsarinka, kuma a yawancin tsare-tsare saƙon da aka aiko maka ma yana cikin ƙidaya. Dangi masu son gaisuwa mai tsawo, ina kwana, yaya hanya, yaya gajiya, kowanne a saƙo daban, za su cinye rabon wata a yini ɗaya. Sai a duba ko ana iya dakatar da biyan a watannin da ba a tafiya, a kuma tabbatar katin da za a sa yana biyan kuɗin waje, domin ranar da biya ya ƙi shiga na'urar ta zama kwalliya. Wanda ya ci karo da ta hannu a Computer Village ko Alaba ya tabbatar mai ita na farko ya cire ta daga asusunsa kafin ya miƙa ko kwabo, in ba haka ba kunna ta zai zama aiki.

Sai maganar hukuma, wadda ba ta wasa ba ce. A watan Yunin 2013 sojoji sun haramta amfani da Thuraya a jihar Borno, bayan an katse layukan waya a yankin. A Satumbar 2021 an rufe sabis a Zamfara da wasu sassan jihohin maƙwabta saboda 'yan bindiga. Ma'anar wannan ita ce a wasu wurare rashin sabis da gangan ne, kuma wanda aka gani da abin da ya tsallake rufewar zai sha tambayoyi. Jami'in da ke shingen bincike ba lallai ya bambance na'urar saƙo da wayar tauraron ɗan'adam ba. A riƙe rasit, a riƙe takardar kamfani ko ta ƙungiya da ke nuna dalilin ɗaukarta, a kuma nemi bayani kafin shiga yankin da ake aikin soja. Masu fita waje ma su kula: a Indiya an tsare matafiya a filayen jirgin sama saboda inReach a jakarsu.

Haka kuma a kula da shafin intanet da na'urar take aika wa wurin da kake, yana nuna ka a taswira duk minti 10. Ga mai hawan Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a Nijeriya mai mita 2,419, abin burgewa ne abokai su riƙa bin sawunsa. Ga mota mai kayan miliyoyi a hanyar Birnin Gwari, wannan shafin in ya shiga hannun da bai dace ba ya zama jagora ga ɓarayi. A sa masa lambar sirri, kada a watsa shi a zauren WhatsApp.

Ɗan Alhaji ya tambaya ko sabuwar iPhone ba ta wadatar ba. Gaskiya ne daga iPhone 14 akwai kiran gaggawa ta Globalstar, wanda aka fara a Amurka da Kanada a Nuwamban 2022, amma ƙasa-ƙasa ake buɗe shi, kuma sayen wayar a Ikeja ba ya nufin zai yi aiki a Tegina. Starlink, da ya shigo Nijeriya a Janairun 2023, intanet ne cikakke, sai dai yana son wuta da wurin kafawa, ba abin sawa a aljihu ba ne.

Alhaji dai ya tsaya a kan guda ɗaya mai hawa Iridium, mai allo, ya ce a gwada ta a mota ɗaya tukuna. Inda muka daɗe shi ne wurin cike sunayen waɗanda za a kira in an danna SOS. Ya ce a sa lambarsa. Ɗansa ya yi ƙasa da kai ya ce, "Baba, ai kai da an yi isha'i kashe waya kake yi." Aka sa lambar ɗan, da ta shugaban garejinsu, wanda yake jin Turanci kuma yake da mutum a kowace tasha daga Ogere har Kaduna.